Haɗuwar Ba-Zata da Ƙaddara a Littattafan Soyayya na Hausa: Nazari a Kan In Da So Da Ƙauna

1.0 Gabatarwa

Daga cikin laifuffukan da manazarta suka daɗe suna ɗora wa littattafan soyayya na Hausa akwai yawan dogaro da dace wajen ƙulla labari. Saurayi da budurwa sukan haɗu ba tare da wani shiri ba, a bakin hanya ko a gidan biki ko a ƙofar makaranta ko a asibiti, su yi ido huɗu, daga nan sai labari ya kankama. Idan marubuci ya kai inda zaren labarinsa ya sarƙe, sai ya sake jawo wani dacen ya warware shi, sa'an nan ya rufe da cewa haka Allah Ya ƙaddara. Masu suka suna ganin wannan alama ce ta rashin ƙwarewa a wajen zubi da tsari, ko kuwa kwaikwayo ne kawai na finafinan Indiya.

Wannan maƙala za ta duba al'amarin ta wata fuska. Abin da take son nunawa shi ne, haɗuwar ba-zata da ambaton ƙaddara suna yi wa waɗannan littattafai wani aiki na musamman, wato suna ba matashi, musamman 'ya mace, hanyar zaɓen abokin zama ba tare da an kama ta da laifin zaɓe ba. Za a kafa hujja da littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a shekarar 1991, tare da waiwayen wasu ƙagaggun labarai da suka gabace shi, da kuma duba irin kalmomi da aikatau da Hausa take amfani da su wajen maganar haɗuwa.

2.0 Yanayin da Littattafan Suka Tsiro

Soyayya ba baƙon jigo ba ce a ƙagaggun labaran Hausa. Gasar da Kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a 1979 ta haifar da littattafai uku da aka buga a 1980, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Biyun farko soyayya ce ƙashin bayansu. Sai dai yaɗuwar irin wannan rubutu ta zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, bayan abubuwa biyu sun haɗu. Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa wanda aka fara a 1976 ya samar da ɗimbin matasa maza da mata masu iya karatun boko da Hausa. Na biyu, matsin tattalin arziki da ya tsananta bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai, suka koma kan littattafan makaranta.

Da aka sami masu karatu ba abin karantawa, sai matasan suka shiga rubutawa da kansu, suna kai wa ƙananan maɗaba'u, suna rarrabawa ta hannun 'yan kasuwa. Daga cikin na farko-farko akwai Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Soyayya Gamon Jini na Ibrahim Hamza Abdullahi, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya domin taimakon juna. Jerin sunayen littattafai da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi abin da aka buga tsakanin 1987 da 2002, ya haura littattafai 700. Wannan rubutu ne Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da adabin kasuwar Onica, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu a cikin shekarun 1990.

Abin lura a nan shi ne, marubutan da masu karatun duk tsara ɗaya ne, kuma matsalar da ta fi damun wannan tsara ita ce ta aure: wa ke da ikon zaɓe, iyaye ko 'ya'ya? Makaranta ta fitar da 'yan mata daga gida, ta jinkirta aurensu, ta haɗa su da samarin da iyayensu ba su san asalinsu ba, alhali kuwa hukuncin ƙarshe yana nan a hannun iyaye yadda yake tun da.

3.0 Haɗuwa da Ƙaddara a Bakin Bahaushe

3.1 Kalmomi

Hausa tana da wadatar kalmomi na bayyana abin da ya auku ba da shiri ba. Akwai kaciɓis da karo da arangama, waɗanda ke nuna gamuwar jiki da jiki ko ido da ido. Akwai dace da katari da sa'a, waɗanda ke nuna gamuwa da alheri. Akwai kuma bayanau irin su kwatsam da ba zato ba tsammani. Sai dai duk waɗannan suna bayyana yadda abin ya zo wa ɗan'adam ne kawai. A tunanin Bahaushe Musulmi babu abin da ke aukuwa haka siddan, domin imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani guda shida. Saboda haka abin da mutum ya kira kaciɓis, a wajen Ubangiji rubutacce ne. Kalmomin rabo da nufi da ƙaddara su ne ke ɗauke da wannan fuska ta biyu.

Karin magana ya tabbatar da haka. Bahaushe yakan ce ƙaddara ta riga fata, ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ya kuma ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. A kan aure kuwa maganar da ta fi kowace nauyi ita ce matar mutum kabarinsa, wato kamar yadda mutum bai san inda za a binne shi ba kuma ba zai kauce masa ba, haka bai san wadda zai aura ba kuma ba mai hana shi ita. Ke nan duk marubucin da ya buɗe labarinsa da kaciɓis, mai karatu Bahaushe ya riga ya fahimci cewa ana nuna masa hannun ƙaddara ne, ko da ba a ambace ta ba.

3.2 Aikatau

Nahawu ma yana da abin cewa. A tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, aikatau na giredi na bakwai, masu ƙarewa da wasalin -u, ƙi-karɓau ne, kuma sau da yawa suna nuna cewa abin da ke gurbin aikau shi ne aikin ya faɗa wa. A dubi waɗannan tagwaye: haɗa da haɗu, gama da gamu, kama da kamu, raba da rabu. Jimlolin da ke biye an ƙirƙiro su ne domin misali, amma irinsu ne ake ji kullum a bakin Hausawa:

(a) Iyayensu ne suka haɗa su.
(b) Sun haɗu a hanyar makaranta.
(c) Allah ne Ya haɗa su.
(d) Ta kamu da sonsa.

A jimla ta (a) akwai mai haɗawa, kuma mutum ne. Wannan shi ne auren haɗi ko auren zumunci, inda iyaye ke riƙe da gurbin aikau. A jimla ta (b) an cire mai haɗawa gaba ɗaya, gurbinsa ya zama fanko. Jimla ta (c) ita ce ke cike wannan gurbi, ta sa sunan Allah a inda sunan iyaye yake a jimlar farko. Jimla ta (d) kuwa tana nuna budurwar a matsayin wadda abu ya sama, kamar yadda ake cewa ta kamu da zazzaɓi. Ba a tuhumar wanda ya kamu da ciwo da rashin kunya.

Tafiyar labarin soyayya, idan aka taƙaita ta, tafiya ce daga jimla ta (b) zuwa jimla ta (c), tare da ture jimla ta (a) gefe. Marubuci yakan fara da nuna cewa masoyan sun haɗu, ya bi da su ta cikin wahalhalu, har ya kai inda iyaye da kansu za su furta cewa Allah ne Ya haɗa su. Da zarar iyaye sun faɗi haka, sun sauka daga gurbin aikau, labari kuma ya ƙare.

4.0 Tushen Dabarar

Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a kan finafinan Indiya da masoyan Nijeriya, ya nuna yadda waɗannan finafinai, waɗanda aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na Kano da kuma talabijin, suka ba matasan Hausawa wani madubi na duba rikicin so da biyayya ga iyaye. Wannan tasiri tabbas ne, kuma marubutan da dama ba su musa shi ba. Amma ba za a ce daga nan kaɗai dabarar ta fito ba, domin tana da saiwoyi a gida.

Na farko, a al'adar neman aure ta Bahaushe, gani shi ne mafarin komai. Dandali da kasuwar ƙauye da bakin rijiya da wajen talla da gidan biki duk wurare ne da saurayi kan ga budurwa, har ma akan kira kyautar farko da ake kaiwa gidan yarinya da sunan na-gani-ina-so. Sai dai wannan suna da kansa ya nuna mai gani: namiji ne ke gani, shi ke so, manyansa su kai magana. Abin da littattafan soyayya suka ƙara shi ne mai da ganin ya zama na mutum biyu a lokaci guda. Ido huɗu ba ya yiwuwa sai kowa ya ga kowa.

Na biyu, akwai ƙissoshin addini da kowane ɗan makarantar allo ya sani. A cikin Suratul Ƙasas an ba da labarin Annabi Musa (AS) lokacin da ya gudo daga Masar ya isa rijiyar Madyana, ya tarar da 'yan mata biyu suna jiran makiyaya su gama, ya shayar musu da dabbobinsu. Ɗaya daga cikinsu ce ta ba mahaifinsu shawarar ya ɗauke shi aiki, daga baya mahaifin ya aurar masa da ɗaya daga cikin 'ya'yan nasa. A nan ga baƙo wanda ba shi da komai, ga haɗuwa a bakin ruwa ba da shiri ba, ga 'ya mace ta nuna ra'ayinta cikin kunya, ga uba ya amince. Haka kuma tarihi ya nuna cewa Nana Khadija (RA), mai dukiya da daraja, ita ce ta aika da maganar aure ga Manzon Allah (SAW). Waɗannan misalai biyu suna nan a zuciyar mai karatu duk lokacin da ya ga 'yar masu hali ta so talaka.

Na uku, rubutattun labaran farko da suka biyo bayan gasar 1933 sun yi amfani da dace da ƙaddara sosai. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umar da mahaifiyarsa sun rabu shekaru masu yawa, bauta ta kai kowannensu ƙetaren Sahara ta hanyarsa daban, sa'an nan suka sake gamuwa gab da rasuwarta. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainab, ɗan da aka haifa a wannan aure, wato Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya zama ajalin mahaifinsa. Ba wanda ya zargi waɗannan littattafai da kwaikwayon Indiya. Bambancin kawai shi ne, a Jiki Magayi ƙaddara ta zo ne a matsayin sakayya bayan an riga an yi zalunci, Zainab kuma ba ta da wata murya mai ƙarfi a cikin abin da aka yi da ita. Littattafan soyayya sun jawo ƙaddarar ne daga ƙarshen labari suka kawo ta farkonsa, suka sa ta a bakin yarinyar.

5.0 In Da So Da Ƙauna

Labarin In Da So Da Ƙauna sananne ne, domin yana cikin littattafan da suka fi karɓuwa a zamaninsa. An fassara shi zuwa Ingilishi, an kuma mai da shi fim a 1994. Sumayya 'yar masu dukiya ce, ta kamu da son Muhammad, ɗan talakawa. Ba dangi ne suka haɗa su ba, ba kuma wani babba ne ya nuna mata shi ba. Ana cikin haka sai Abdulƙadir, matashin ɗan kasuwa mai kuɗi, ya fito neman aurenta. Da ya ga ba ta son sa, sai ya bi ta hannun kakarta da kyaututtuka, kakar ta matsa wa iyayen Sumayya, su kuma suka kasa ƙetare maganarta. Da aure ya matso, Sumayya ta faɗa rijiya. Aka ciro ta da rai aka kai ta asibiti, inda jinin da Muhammad ya bayar ya taimaka wajen ceto ta. Daga ƙarshe masoyan suka yi aure.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su a wannan zubi.

Na farko shi ne matsayin Sumayya. Ita ce ta fara bayyana son, abin da a al'ada ake ɗauka zubar da aji ne ga budurwa, Muhammad kuwa shi ne mai ɗari-ɗari saboda ya san tazarar da ke tsakanin gidajensu. Da a ce marubucin ya nuna Sumayya ta zauna ta auna samarin unguwa ta tsamo ɗaya, da mai karatu ya ɗauke ta fitsararriya, tausayinta kuma ya fita daga ransa. Da yake son ya faɗo mata ne, kuma ya faɗa a kan wanda ba shi da abin da za a yi kwaɗayi, sai ta tsira daga zargi biyu, na rashin kunya da na son abin duniya. Talaucin Muhammad shi ne shaidar cewa ba lissafi a cikin lamarin.

Na biyu shi ne yadda aka bambanta hanyoyin manema biyun. Duk abin da Abdulƙadir ya yi shiri ne da dabara: ya san wanda zai bi, ya san abin da zai kai. Shi ne mai ƙoƙarin haɗa abin da bai haɗu ba. Ta haka labarin ya jera shiri da kuɗi da tilas a gefe ɗaya, ya jera dace da talauci da so a ɗaya gefen, ya bar mai karatu ya gane wa kansa gefen da nufin Allah yake. Maganar jini kuwa ta zo daidai da yadda Bahaushe ke bayyana ƙaunar da ba a san dalilinta ba, inda yakan ce jininsu ya haɗu. Abin da yake salon magana ne a bakin mutane, sai marubucin ya mai da shi aukuwa a gadon asibiti, a gaban iyaye.

Na uku shi ne wanda aka ɗora wa laifi. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, ko da yake hadisi ya yi umarni da a nemi izininta, malamai kuma sun yi sharaɗin kada a cutar da ita. Kaka ba ta da waliccin aure. Da marubucin ya sa tilas ɗin ya fito daga kaka, wadda aka saye da kyauta, sai ya kauce wa yin karo da haƙƙin da shari'a ta ba uba. Abin da ya soka shi ne al'ada da kwaɗayi. Iyayen Sumayya su ma an nuna su a matsayin 'ya'ya masu biyayya ga na gaba da su, don haka idan suka sauko daga baya, ba su faɗi ƙasa ba. Wannan ya sa ake iya karanta littafin a cikin gida ba tare da ya zama kiran tawaye ga uba ba.

6.0 Ƙaddara a Bakin Iyaye da Bakin 'Ya'ya

Kalmar ƙaddara ba ta matasa ba ce su kaɗai. Tun kafin a fara rubuta waɗannan littattafai, ita ce kalmar da ake rarrashin yarinyar da aka yi wa auren dole da ita. Akan ce mata ta yi haƙuri, haka Allah Ya rubuta, kowa da irin tasa jarrabawar, wani hani ga Allah baiwa ne. A wannan amfani, ƙaddara tana zuwa ne bayan manya sun yanke hukunci, aikinta kuma shi ne ta sa a karɓi hukuncin.

Abin da marubutan soyayya suka yi shi ne karɓe wannan kalma su juya ta. Idan aure rubutacce ne, to, ta yaya aka san cewa zaɓin iyaye shi ne rubutun, ba wanda yarinya ta yi kaciɓis da shi a hanya ba? Matashi ba zai iya ce wa mahaifinsa ra'ayina ya fi naka ba, domin tarbiyya ta hana, tsoron bakin iyaye ma ya hana. Amma yana iya cewa ba yin kaina ba ne, kuma uba Musulmi ba shi da amsar da zai ba wannan magana face ya jira ya ga abin da Allah zai yi. Ta haka gardamar ta tashi daga tsakanin ɗa da uba, inda ɗa ba ya taɓa yin nasara, ta koma kan fassara nufin Allah, inda kowa bawa ne.

So Aljannar Duniya ya riga ya nuna wannan hanya tun 1980. Boɗaɗo Bafillatana ce, Yasir kuwa ba Bafillace ba ne, danginta suka ƙi, ita kuma ta tsaya a kan abin da zuciyarta ta kamu da shi. A nan shingen na asali ne, a In Da So Da Ƙauna kuwa na dukiya ne, amma maganin ɗaya ne. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa littattafan suka sami karɓuwa nesa da Kano. A gari irin Gombe, wanda ya zama babban birnin jiha a 1996, Fulani da Hausawa da Tera da Bolawa da Tangale da Waja suna zaune tare, Hausa ce kuma harshen kasuwa da na titi. Budurwar da ta tashi a unguwa irin Arawa, abokan karatunta da maƙwabtanta ba lalle ne su zama 'yan ƙabilarta ko waɗanda kakanninta suka san kakanninsu ba. A irin wannan zama, haɗuwa da baƙo ita ce al'adar yau da kullum, tsohon tsarin da dangi ke sanin kowa kuwa ba ya iya rufe ko'ina. Labarin da ke cewa baƙon nan ma yana iya zama rabonki, kuma Allah ne Ya kawo shi, yana amsa tambayar da rayuwar birni ta riga ta jefa wa mai karatu.

7.0 Inda Dabarar Ta Gaza

Bayyana aikin da dabara take yi ba ya nufin wanke ta daga kowane aibi. Akwai aƙalla wurare uku da sukar manazarta take da ƙarfi.

Da fari, ƙaddarar waɗannan littattafai kusan kullum tana goyon bayan masoya ne, alhali imanin da aka jingina da shi ya haɗa da mai daɗi da marar daɗi. Idan kowane kaciɓis ya ƙare da ɗaurin aure, to, marubuci ya mai da ƙaddara 'yar aikensa. Rayuwa kuwa cike take da waɗanda suka haɗu suka rabu.

Na biyu, hujjar da takan sa iyaye su sauko sau da yawa jikin yarinyar ne: ciwo, ko suma, ko rama, ko faɗawa rijiya kamar yadda Sumayya ta yi. Wannan yana nuna ƙarancin hanyoyin da al'umma ta bar wa 'ya mace na faɗin ra'ayinta, amma kuma darasi ne mai haɗari ga yarinya 'yar shekara 15 da ke karatu, ga shi kuma addini ya haramta kashe kai. Irin wannan damuwa tana cikin abin da masu adawa da littattafan suka riƙa ambatawa, adawar da ta kai ga kafa dokokin tace rubutu a Kano da kuma ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a 2007 a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Na uku, dabarar tana samar wa yarinya miji ne ta hanyar ɓoye cewa ita ta zaɓa. Ta ci nasara, amma ba a amince cewa tana da haƙƙin zaɓe ba, an dai amince cewa Allah Ya zaɓa mata. A nan ne wasu marubuta mata suka ɗauki wata hanya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta, wanda aka so ya aure ta ya ƙi ta saboda rashin ilimi, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma. Abin da ya fitar da ita shi ne gudu zuwa birni da komawa karatu har ta sami aikin jinya. A wannan littafi ƙaddara tana tafiya ne tare da sababi, bisa ga abin da Bahaushe ke cewa, Allah Ya ce tashi in taimake ka. Littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa, su ma sun ba ilimin 'ya mace babban matsayi a cikin labarin soyayya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa haɗuwar ba-zata a littattafan soyayya na Hausa tana da tushe a al'adar neman aure da ƙissoshin addini da rubutattun labaran farko, kafin finafinan Indiya su ƙara mata armashi. An kuma ga cewa a In Da So Da Ƙauna dabarar ta ba Sumayya damar so ba tare da zubar da mutunci ba, ta ba iyayenta damar saukowa ba tare da jin kunya ba, ta hanyar mai da maganar daga sun haɗa su zuwa sun haɗu, sa'an nan zuwa Allah Ya haɗa su. Daga baya rubutun ya ƙaura daga ƙananan littattafan kasuwa zuwa karatun rediyo da wayar hannu, ta kafofi irin su WhatsApp da Wattpad, wuraren haɗuwar ma suka ƙaru da jami'a da ofis da kiran waya da aka yi bisa kuskure. Aikin da ya rage wa manazarta harshe da adabi shi ne su ɗauki adadi mai yawa na waɗannan labarai, tsofaffi da sababbi, su ƙididdige wanda ke zama a gurbin aikau duk inda aka yi maganar haɗuwa da aure. Ranar da taurari mata suka fara cewa na zaɓe shi a fili, ba tare da fakewa da kaciɓis ba, kuma masu karatu suka ci gaba da tausaya musu, wannan zai nuna cewa wani abu ya sauya a zaman iyali na Hausawa, ba a salon rubutu kaɗai ba.